Hannun Malam Jibrin na Dama

Ranar da Khairiyya ta dawo Masama hutu daga jami'ar Kalgo, tun daga ƙofar gida ta san akwai magana. Motar Abdulgani, mai neman aurenta, na tsaye a gindin dalbejiya, ga kuma wani sabon keken guragu an jingine a zaure, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Wata biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mahaifinta, Malam Jibrin, a bakin garkensa. An kwantar da shi asibiti a Birnin Kebbi mako uku, aka dawo da shi gida. Baki ya buɗe, ƙafa ta fara takawa da sanda, amma hannun dama yana nan naɗe a kan cinya kamar na aro.

Hannun nan shi ya hana gidan sakat. Malam Jibrin ya kafe ba zai ci abinci da hagu ba. Liman ya zo har ɗaki ya gaya masa lalura ce, Allah bai ɗora masa laifi ba. Ya ce ya ji, amma bai ci ba. Matarsa Inna Kubura ta ce to bari ta riƙa ba shi a baki, ya ce shi ba jinjiri ba ne. Sai an yi da gaske yake kurɓar kunu a bakin ƙwarya, shi ma sai kowa ya fita. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, yau rigarsa ta yi masa yawa.

Ko jakarta ba ta ajiye ba Baffa Lawal ya kira ta. Shi ne ƙanin mahaifinta, kuma tun da ciwon nan ya zo, maganar gida a bakinsa take.

"Zauna, ɗiyata. Kin ga keken da Abdulgani ya kawo?"

"Na gani, Baffa."

"Wanga shi ne mutum. Ba a roƙe shi ba, ba a aika mai ba. Shinkaharsa har Legas take zuwa, amma ya bar kasuwa yaz zo gaida maras lahiya. To shi wancan naki na Kalgo, mi yak kawo?"

Ta sunkuyar da kai. "Baffa, Muzzammil ɗalibi ne."

"Ɗalibin mi? Na bincika. An ce man ba likita ne ba, ba ya allura, ba ya rubuta magani. Shekara biyar shina karatu can Kudu don ya koya ma tsohwahhi riƙon cokali da sa maɓallin riga. Wanga aiki ai Innarki ta yi ma ɗiya bakwai, ba ta taɓa shiga aji ba."

Hawaye ya taru mata, amma ta daure.

"Baffa, irin ciwon Baba shi ne karatunsa. Don Allah a bar shi ya duba hannun nan ko sau ɗaya ne."

Baffa Lawal ya kalle ta. Da ya yi magana kuma, babu wasa a muryarsa.

"Kin san abin da kike roƙo? A gidanmu, mai neman ɗiya ba ya ganin uban ɗiya shina cin abinci. Ba ya ganinsa ba hula. Shi ko mai wanga aiki, an ce sai ya zauna ya ga yadda mutum ke kai loma, ya ga yadda yake riƙe buta. Na san yayana. Wanda duk yag gan shi da hura bisa gemu, ba ya ƙara haɗa ido da shi, balle ya ba shi ɗiya. Ki gaya mai ya zaɓa. Ko ya shigo a mai magani, ko ya tsaya waje a mai neman aure. Guda zai ɗauka."

Ta fita tana laluben bango.

Washegari da hantsi ta hau mota ta koma Kalgo da cewa ta manta wasu takardu. Muzzammil ma hutu ya dawo gidan iyayensa a nan Kalgo. Ya same ta a kan benci a gindin wani mangwaro, nesa kaɗan da ƙofar jami'a. Yana ganin idonta ya ajiye littafin da ke hannunsa.

Ta zayyana masa komai. Ta ƙare da abin da ta ƙulla a ranta tun a mota.

"Ka tsaya waje, Muzzammil. Ka ji? Ka tsaya waje. Saura shekara ɗaya ka gama, ni zan san yadda zan yi da Baffa."

Ya murza tafin hannunsa.

"Yatsun suna motsi?"

"Me?"

"Yatsun Baba. In aka ce ya matse, suna ɗan motsawa? In aka taɓa tafin yana ji?"

Ta miƙe tsaye. "Ina yi maka maganar aurenmu, kana tambayata yatsa?"

"Zauna, Khairi. Don Allah ki amsa min."

Ta zauna tana kuka. "Suna motsi kaɗan. Babban ne ba ya yi."

"Alhamdu lillahi. To hannun nan yana da rai. Amma ba zai jira ni shekara ba. Watannin farkon nan su ne lokacinsa. In aka bar shi a naɗe, gaɓoɓin za su ƙage, ko wa aka kira daga baya sai dai ya yi abin da ya samu."

"To a kai shi asibiti a yi masa gashi!"

"Sau nawa ya yarda ya koma tun da aka sallamo shi?"

Ta sani sarai. Ko sau ɗaya bai yarda ba.

"Khairi, saurare ni. Shekarar da muka shiga ɗakin gawa, mako shida muka yi a kan hannu kaɗai. Kowace jijiya sai ka nuna ta ka faɗi aikinta, in ka kuskure ka sake. Na yi zama a ɗakin masu karaya, na yi a na masu taɓin hankali, na yi a na yaran da aka haifa da nakasa. Akwai malamarmu, Malama Rahama, in ka kawo mata rahoton majinyaci ba ta duba takardar. Cewa take, ya ci abinci da kansa? Ya yi alwala da kansa? In ka ce a'a, ta ce to koma, ba ka fara ba. Ni ban da mota, ban da shago. Bayan jarrabawa ma akwai shekarar horo a asibiti, akwai rajista, akwai bautar ƙasa. Abin da na mallaka a duniya shi ne wannan da na iya."

"In ka shiga ɗakin nan na rasa ka. Ka san Baffa ba wasa yake ba."

"Na sani."

"Ka sani? Shi ke nan abin da za ka ce? Shekara biyu ina kare ka a gidanmu, ana yi min dariya, ana ce min matar mai cokali, yau kai da bakinka za ka miƙa ni ga Abdulgani?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Wallahi tun da kika fara magana nake neman hanyar da zan ce miki na tsaya waje. Ban samu ba. A ce na tsaya, aka ba ni ke. Duk ranar da muka je gaisuwa kika ga hannun nan a naɗe, za ki tuna na iya, na ƙi. Ni ma zan tuna. Wane irin zama za mu yi?"

"Ni ban ce ba na son Babana ba," ta faɗa da ƙyar.

"Na san kina son sa. Shi ya sa kika zo da kanki, ba ki ɓoye min ba."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta. Bai ba ta haƙuri ba, don babu haƙurin da zai bayar. Da ta lafa, ya ce ta turo masa hoton katin asibitin, zai kira Malama Rahama ya nemi izini, don shi har yanzu ɗalibi ne, ba ya taɓa majinyaci sai da sanin na gaba da shi.

Ran Talata ya iso Masama. Mota ya hau zuwa Gwandu, daga nan ya hau kabu-kabu, ga damina, wandonsa duk taɓo. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Malam Jibrin. Khairiyya tana bayan rumbu, inda take jin komai, take kuma hango rabin ɗakin.

"Kai ne na Kalgo?" in ji tsohon.

"Ni ne, Baba."

"Lawal ya gaya maka sharaɗi?"

"An gaya min."

"Kuma kash shigo?"

"Na shigo."

"To kai wawa ne."

"Na'am, Baba. A ba ni hannun."

Ya daɗe yana duba hannun, yana miƙe yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya. Sannan ya sa aka kawo fura da ludayi. Ya ciro tsumma da robar tayar keke daga jakarsa, ya yi ta naɗa wa mariƙin ludayin har ya yi kauri kamar ƙotar fartanya, yadda yatsun da ba su gama rufewa za su iya kama shi. Ya gyara wa tsohon zama, ya tokare masa gwiwar hannu da matashi.

"Bismilla, Baba."

Ludayin ya tashi yana rawa. Ya kai rabin hanya, ya karkace. Fura ta kwarare a gemu, ta gangara kan riga.

Malam Jibrin ya sa hagu ya yi jifa da ƙwaryar, ta bugi bango. "Hita! Hita, don ubanka! Abin da kaz zo gani ke nan?"

Khairiyya ta toshe bakinta da hannu.

Muzzammil bai fita ba. Ya tattara ƙwaryar, ya goge tabarma tas. Gemun kuwa bai taɓa shi ba. Sai ya ɗauko wani tsumma mai tsabta ya sa a ƙarƙashin tafin hannun daman, ya juya ya yi kamar yana neman wani abu a jakarsa. Ya yi ta nema. Abin da babu ai ba ya samuwa, amma ya yi ta nema, har tsohon ya ja hannun nan da ƙyar, ya kai shi haɓa, ya goge gemunsa da kansa.

Sai a nan yaron ya juyo. "Inna, a ƙaro fura."

A bayan rumbu Khairiyya ta zame ta zauna a ƙasa. A ranar ta san me yaron nan ya je karantawa, a ranar kuma ta san ta rasa shi.

Haka aka ci gaba, Talata da Asabar, ruwa ko rana. Ya kawo ɗanyar gyaɗa a faranti ya ce tsohon ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya yana zubawa a kwano. Ya sa shi jan carbi mai manyan 'ya'ya. Ya sa aka sauya masa buta da ƙarama mai faffaɗan mariƙi. Ya matsa har aka koma asibiti aka auna jini aka sabunta magani, ya ce wannan ba huruminsa ba ne, na likita ne. Kowane zuwa sai ya rubuta abin da hannu ya yi a wani littafi, ya ɗauki hoto ya tura wa malamarsa. Wani lokaci ta yaba, wani lokaci ta yi masa faɗa ta waya har a tsakar gida ana ji, shi kuwa yana ta "To, Malama."

'Yan unguwa suka sa masa suna Malam Ludayi. Baffa Lawal ya ce bai taɓa ganin inda aka tafi jami'a koyon wasan gyaɗa ba.

Abin da ya fi ci wa Khairiyya rai shi ne yaron ya riƙe sharaɗin da gaske. In sun haɗu a tsakar gida, "Ina wuni" ne kawai, idonsa a ƙasa. Ya daina kira, ya daina saƙo. Wata Asabar ta tare shi a zaure.

"Ko kallona ba za ka yi ba?"

"Na ba Baffa magana, Khairiyya."

"Khairiyya ma na koma?"

Ya saɓa jakarsa ya wuce. Ta bi bayansa da kallo, ta ga ya rame.

Abdulgani kuwa bai fasa zuwa ba, kuma a faɗi gaskiya ba mugun mutum ba ne. Ya ce mata shi bai ce ta so shi yau ba, zai bar ta ta ƙare karatunta, zai ɗauko wa Baba mai jinya daga birni. Ta yi masa godiya. Keken da ya kawo dai yana nan a zaure, kaji na kwana a kai, don Malam Jibrin ya ce ranar da aka ɗora shi a kan abin nan, a wuce da shi maƙabarta kawai.

A mako na takwas Baffa Lawal ya ce magana ta isa haka. Ran Asabar zai shiga wurin yayansa a tsayar da ranar da mutanen Abdulgani za su kawo kaya.

Asabar ɗin da hantsi Inna Kubura ta kai wa mijinta ɗumamen tuwo da miyar kuka, ta ajiye ludayin a gefe kamar kullum. Khairiyya ta biyo ta da ruwa. Baffa Lawal na zaune a bakin gado, ya fara shimfiɗa zancensa.

Malam Jibrin bai kula ludayin ba. Ya sa hannun dama a cikin akushi. Yatsun suka yi ta fama, suka gutsuro tuwo, suka murza shi ya zama wata karkatacciyar loma. Ya dangwali miya. Ya kai baki.

Inna Kubura ta saki faifan da ke hannunta. Baffa Lawal ya manta inda ya tsaya. Tsohon ya yi loma ta biyu, ya yi ta uku, bai kalli kowa ba.

Daidai nan aka yi sallama a tsakar gida. Muryar Muzzammil ce.

Malam Jibrin ya tsame hannu. Ya jawo faifai ya rufe akushin, ya lalubo hularsa ya ɗora, ya juya fuskarsa wajen bango.

"Kubura, ce ma yaron ga kada ya shigo."

Gaban Khairiyya ya faɗi. Ga shi nan, abin da Baffa ya faɗa tun farko. Hannu ya samu, an gama da mai magani. 

"Ki ce mai," tsohon ya ci gaba, "ya turo manyansa ran Juma'a. Na ba shi Khairiyya. Daga yau ba ya ƙara ƙetare ƙohwar ga, suruki ne."

Baffa Lawal ya zabura. "Yaya! Yaron da yag gan ka cikin..."

"Ya gani. Wata biyu shina gani. Ka taɓa jin labarin a bakin wani? Kai da kag gani rana guda, har kasuwar Gwandu an san na zubar da hura."

Baffa Lawal ya koma ya zauna.

Inna Kubura ta leƙa waje tana share ido da bakin zane, ta maimaita saƙon, ko da yake wanda aka yi dominsa ya ji komai. Khairiyya ta jingina da bango. Tana jira ta ji godiya.



"Inna," in ji Muzzammil daga waje, "a gaya wa Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban da abin da nake so a duniya sama da wannan. Amma aiki bai ƙare ba. Babban yatsan bai gama dawowa ba, kafaɗar ma da saura. In aka tsaya yau, nan hannun zai tsaya. Ina roƙon a ɗaga Juma'ar nan zuwa wata biyu, kafin hutuna ya ƙare. A bar ni in gama."

"Muzzammil!"

Sunan ya fita daga bakinta a gaban iyayenta kafin ta ankara. Ta rufe baki, kunya da tsoro suka rufe ta. Ba a taɓa yi ba a gidan nan, Malam Jibrin ya yi kyauta a ce masa a dakata. Baffa Lawal ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"To ka ji, Yaya. An ba shi, ya maido."

Tsohon bai ko kalle shi ba. Ya ɗaga hannun daman a gaban fuskarsa, da miyar kuka a jiki, ya gwada kai babban yatsa ga ƙaramin. Ya tafi, ya tafi, ya tsaya a hanya. Ya sake gwadawa. Nan dai ya tsaya.

"Lawal, ka taɓa ganin irin wanga? An ba shi mata, shina neman yatsa."

Ya sa hagu ya cire hular ya ajiye a kan gado, ya buɗe akushin.

"Kubura, ce ma mai maganin ya shigo. Shi ko surukin ya jira ni zaure wata biyu. Na riga na ba shi, ba a ƙara kawo man maganar kowa."

Khairiyya ta fita da gudu, ta tsaya a gefen ƙofa tana kuka tana dariya, ita kanta ba ta san wanne take yi ba. Muzzammil bai kalle ta ba. Ya ajiye jakarsa, ya durƙusa zai cire takalmi. Sai a nan ta ga hannuwansa rawa suke yi. Ya kama igiyar takalmin ta kuɓuce, ya sake kamawa ta ƙulle.

Daga cikin ɗaki Malam Jibrin ya leƙo, da loma a hannu.

"Kai, Malam Ludayi! Wanga hannun ne za shi gyara nawa?"